Wa Zai Yi Jiyyar Mai Jiyya?

Ran 12 ga watan Mayu na kowace shekara, watau ranar da aka haifi Florence Nightingale a 1820, duniya takan yi bikin ma'aikatan jiyya. Manya su yi jawabi, a yaba haƙurinsu da tausayinsu, sa'an nan a watse. Nas kuwa ta koma ɗakin marasa lafiya, ta ci gaba da kwanan zaune. Mu dai a ganinmu yabo ya isa haka nan, lokaci ya yi da za a dubi lafiyar hankalin waɗannan bayin Allah.

Wanda ya taɓa jiyyar ɗan'uwansa a asibiti ya san abin da muke nufi. Nas ɗaya ce za ta yi wa wannan allura, ta wanke wa wancan ciwo, ta rufe idon wanda ya cika, ta kuma fita ta tari kukan danginsa. Gari na wayewa ta koma gida, inda girki da 'ya'ya ke jiranta. Maza masu wannan aiki ma ba su tsira ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa nauyin aiki da ya daɗe ba a sauƙaƙa shi ba yana cinye mutum, ta kuma ba da alamominsa uku: gajiya marar yankewa, ƙosawa da aikin har zuciya ta bushe, da raguwar ƙwazo. To, sau nawa muka kira nas marar tausayi, alhali kuwa alama ta biyu ce muke gani?

Tushen abin shi ne ƙarancin hannu. Rahoton da hukumar nan ta fitar a 2020 ya nuna cewa duniya tana da giɓin ma'aikatan jiyya miliyan 5.9, galibi a ƙasashe irin namu. A 2024 kuma magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jiyya da Ungozoma ta Nijeriya ya ce 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Duk wadda ta tafi Ingila ko Amurka, kayanta a kan waɗanda suka rage yake komawa.

Muna da shawara ga 'yan'uwanmu ɗaliban jiyya, tun ba su shiga ruwan tsundum ba. Barci bayan aikin dare haƙƙin jiki ne, kada a sayar da shi don biki ko zance. A ci abinci kan lokaci, a riƙe ibada da zumunci, a ɗauki hutun shekara idan ya zo. Wanda ya ga mutuwa ta tsaya masa a rai, ya sami abokin aikin da ya yarda da shi ya amayar da abin da ke cikinsa. In kuwa baƙin ciki da rashin barci suka wuce mako biyu, a je ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, kuma zuwa can ba hauka ba ne. Lalle a guji neman sauƙi a ƙwayoyin da aka ba mutum amanar ajiyarsu.

Amma fa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaudara ce a ce wa wadda aka jibga wa aikin mutum uku ta kula da kanta. A watan Janairu na 2023 an sa hannu a kan Dokar Lafiyar Hankali ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, saboda haka hukumomi ba su da uzuri. Muna kira ga shugabannin asibitoci su tsara aikin dare bisa adalci, su keɓe ɗakin hutawa, su kuma samar da mai ba da shawara wanda zai riƙe sirri, yadda kuka ba zai shiga fayil ɗin ma'aikaci ya hana shi ƙarin girma ba. Jami'a ita ma ta tanadi haka ga ɗalibanta masu koyon aiki a asibiti.

Ku kuma matasan ma'aikata, gobe ku ne za ku riƙe kasafin kuɗin Ma'aikatar Lafiya. Ku tuna cewa nas da ta gaji ita ce ke auna maganin mahaifiyarku da ƙarfe uku na dare. Allah Ya sa mu gane.