Peckham: Shin rushe gida a sake gina shi kare muhalli ne?

Unguwar Peckham da ke kudu maso gabashin birnin Landan, wadda wasu ke yi wa laƙabi da ƙaramar Legas saboda yawan 'yan Nijeriya da ke zaune a cikinta, ta daɗe tana ganin ana rushe gidaje ana ta da sababbi. A yanzu da Birtaniya ta ɗaure kanta da dokar 2019, wadda ta tanadi cewa nan da 2050 hayaƙin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya kawarwa ba, ana muhawara a kan irin gidan da ya cancanci a ce ba ya cutar da muhalli.

Misali mafi kusa shi ne rukunin gidajen Ledbury, inda aka gina dogayen benaye 4 a ƙarshen shekarun 1960. An yi su ne da manyan allunan kankare da ake zubawa a masana'anta a kawo a harhaɗa, irin tsarin da aka bi wajen gina benen Ronan Point, wanda wani sashensa ya rufta a 1968 sakamakon fashewar gas. Bayan gobarar benen Grenfell a watan Yunin 2017, binciken da aka yi ya tabbatar da koken mazauna Ledbury game da tsagewar bango. A watan Agustan wannan shekara ƙaramar hukumar Southwark ta yanke musu gas, sannan a 2021 mazauna suka kaɗa ƙuri'ar amincewa a rushe benayen a sake gini.

Wannan ba shi ne karon farko ba. Rukunin gidajen North Peckham, inda aka kashe yaron nan ɗan Nijeriya Damilola Taylor a watan Nuwamban 2000, bai yi fiye da shekara 30 a tsaye ba aka fara rushe shi. A nan ne matsalar take. Masana'antar siminti kaɗai tana fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da duniya ke fitarwa, ga kuma ƙarfe da gilashi da jan bulo da ake gasawa da wuta. Saboda haka tun kafin mai gida ya kunna fitilar farko, ginin ya riga ya ci bashin muhalli, kuma idan aka rushe shi bayan shekara 30 ko 50, sai a sake cin wani bashin. Wannan ne ya sa tsarin raya birnin Landan na 2021 ya wajabta wa masu manyan gine-gine su lissafa hayaƙin da gini zai haddasa tun daga haƙar harsashi har zuwa ranar rushe shi.

Dabarun gina gida mai tsimin makamashi kuwa sanannu ne. Ana yi wa bango da rufi shafi mai kauri da zai hana ɗumi sulalewa, a sa tagogi masu gilashi ninki 3, a toshe kafofin iska, a maye gurbin tukunyar gas da na'urar da ke zuƙo ɗumi daga iskar waje, a kuma ɗora farantan hasken rana a kan rufi. Tsarin Passivhaus da aka fara gwadawa a Darmstadt ta Jamus a 1991 ya haɗa yawancin waɗannan. A 2019 gidajen haya na Goldsmith Street, waɗanda hukumar birnin Norwich ta gina bisa wannan tsari, suka ci lambar yabo ta Stirling, wato lambar da ɗakin karatu na Peckham ya ci a 2000. Wannan ya nuna cewa ƙaramar hukuma ma za ta iya yi wa talaka irin wannan gida.

To sai dai manufar gwamnati ta yi ta tangal-tangal. A 2006 gwamnatin Leba ta yi alkawarin cewa daga 2016 duk sabon gida zai kasance marar fitar da hayaƙi, amma a 2015 gwamnatin Konzabatib ta soke shirin. Sababbin ƙa'idojin da aka gabatar a 2019 da nufin su fara aiki a 2025, har shekarar ta ƙare ba su fara ba. Gidajen da aka gina a tsakani, wata rana sai an sake kashe musu kuɗin gyara.

Ita kuwa Southwark, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci kan sauyin yanayi a 2019, ta kuma yi alkawarin gina gidajen haya 11,000 nan da 2043. Tun 2013 wasu rukunonin gidajenta ke samun ruwan zafi ta bututu daga tashar ƙona shara ta SELCHP da ke Deptford, an kuma tsara miƙa bututun zuwa Old Kent Road da arewacin Peckham. Masu goyon baya na cewa ɗumin da a da yake tashi a banza ne ake cin moriyarsa, masu suka kuma na cewa ƙona shara, musamman robobi, shi ma hayaƙi ne.

Akwai kuma batun wanda zai shiga gidajen. A ƙarshen 2024 kamfanin Berkeley, mai neman sake gina cibiyar kasuwanci ta Aylesham a tsakiyar Peckham, ya rage kason gidaje masu rangwame daga kashi 35 zuwa kashi 12 cikin 100, yana mai kafa hujja da tsadar aiki. Ga iyalan da tsadar gas ta 2022 ta sa suka riƙa zaɓa tsakanin ɗumama ɗaki da cefane, gida mai tsimin makamashi ba ado ba ne. Amma idan masu hali ne kaɗai za su iya shigarsa, talaka zai ci gaba da zama a tsohon gida mai sanyi da danshi, yana biyan kuɗin wuta mafi yawa.

Abin da tarihin Peckham ke nunawa shi ne, ba a auna gida da farantan da ke kan rufinsa kawai. Ana auna shi ne da yawan shekarun da zai yi a tsaye, da kuma ko 'yan unguwar za su iya biyan hayarsa. Gidajen da za su maye gurbin benayen Ledbury da wannan ma'auni za a gwada su.