Amanar Jariri Tana Wuyan Uba

Wani sakaci ya zama ruwan dare tsakanin 'yan'uwa matasa magidanta a Bagudo. Ɗan'uwa zai dawo daga kasuwar Tsamiya ko Lolo, can bakin iyakar Benin, da goba da karas, ya miƙa wa jaririn da ko haƙori bai fitar ba, wai shi nan gata ya yi masa. Subhanallah!

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da mai shayarwa a wuyan uba. To, ina ga abin da zai shiga cikin yaron kansa? Kafin wata 6 nono ya ishe shi, ko ruwa ba ya bukata. Bayan nan sai a fara da nunanniyar ayaba ko gwanda, a murƙushe da cokali. Ɗanyen karas da gyaɗa suna maƙale masa a maƙogwaro, don haka karas sai an dafa shi luguf.

Mafi haɗari shi ne tumatir da latas na fadama da aka ɗauraye a Kogin Kwara. Gudawar da suke kawowa kan tsotse jariri cikin yini guda. Sannan a ce ƙaddara ce, alhali ba a tafasa ruwan ba, hannun ma ba a wanke da sabulu ba.