Kada Mu Tsallake Darasin Ƙwayar Zarra

A 1938 masana a Jamus suka gano cewa idan niyutron ya bugi cibiyar ƙwayar zarrar yuraniyom, sai ta tsage. Tsagewar kan saki makamashi da wasu niyutron masu tsaga na kusa da ita. In an yi wa wannan tsagewa linzami, lantarki ake samu. In aka sake ta, abin da ya auka wa Hiroshima a 1945 ke nan. Rana kuwa haɗe haidurojin take yi ya zama hiliyom.

Ga yuraniyom kwance a ƙasar Arlit ta Nijar, maƙwabciyarmu. Bai kamata ɗalibanmu su gama sakandare cikin duhun wannan ilmi ba. Malaman kimiyya, amana ce a wuyanmu. Mu sauke ta.