Sharhi: Muhimmancin Samfuri Ɗaya Ga Shafukan Ayyukan Raya Karkara

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Wannan hukunci ya ƙara wa shugabanni da kansiloli nauyin bayyana wa jama'a inda kuɗi suka shiga, kuma shafukan intanet na daga cikin hanyoyin yin hakan.

Sai dai idan kowace ƙaramar hukuma ko kwamitin aikin gayya ya ƙera shafinsa yadda ya ga dama, mai neman bayani zai sha wahala. Wani ya sa kuɗin aiki a sama, wani ya ɓoye shi a ƙasa, wani kuma ya cika shafin da hotunan buki. Shi ya sa muke ganin ya dace a yi samfuri ɗaya wanda kowa zai zuba bayanansa a ciki. Kamar mudu ne a kasuwa: idan awo ɗaya ne, mai saye zai gane wanda ya tauye.

Samfurin ya kamata ya tanadi gurbin sunan aiki, mazaɓa, kuɗin da aka ware, ɗan kwangila, ranar farawa da ranar kammalawa. Ta haka dagaci ko manomi zai iya kwatanta kuɗin rijiyar burtsatse ta ƙauyensu da ta maƙwabta, ya kuma yi tambaya, kamar yadda dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba shi dama. Bugu da ƙari, kamanni ɗaya da adireshi mai ƙarewa da .gov.ng za su taimaka wa jama'a wajen bambance shafin gaskiya da na 'yan damfara masu alƙawarin tallafi. Gwamnatin Birtaniya ta bi wannan hanya a 2012, inda ta buɗe shafin GOV.UK ta tattara ma'aikatunta ƙarƙashin tsari guda.

Masu ƙorafi na cewa hakan zai shafe alamar kowane yanki. Amsar ita ce a bar wa kowa tambarinsa da tarihin garinsa, a daidaita jerin bayanai kawai. Haka kuma wajibi ne shafin ya kasance marar nauyi, mai buɗewa a ƙaramar waya, kuma ya nuna haruffan ƙ, ɗ da ɓ daidai.

Babban haɗarin shi ne a gina samfuri mai kyau a bar shi fanko. Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su ɗora wa jami'in yaɗa labarai alhakin sabunta bayanai kowane wata, su kuma mazauna karkara su riƙa dubawa, su sanar da kansilansu duk aikin da aka rubuta an kammala alhali ba a kammala ba.