Yaƙin Ukraine da Kasuwar Taki: Wa Ya Ci Moriya?



A watan Fabrairun 2022 Rasha ta auka wa Ukraine, kuma kafin damina ta sauka manomin masara a Saminaka ya ji a jikinsa. Rasha na sahun gaba wajen sayar da takin zamani a duniya, ita da Belarus kuma su ke riƙe da babban kaso na sinadarin fotash da ake haɗa NPK da shi. Takunkumi ya hau, jiragen ruwa suka ja baya, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Sai da Najeriya ta garzaya Kanada neman fotash.

Cikin wannan ruɗani ne, a watan Maris, shugaban Najeriya na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya buɗe masana'antar takin Dangote a Lekki ta jihar Legas, wadda ta ci dala biliyan 2.5, take kuma iya samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Brazil, wadda ta daɗe tana dogaro da takin Rasha, ta zo da kuɗinta a hannu. Amurka da Indiya ma suka shiga layi.

Wasu suka ce sa'a ce. To, sa'ar ta tarar da mai ita a shirye. An shafe shekaru ana ginin kafin a harba harsashin farko, lissafin kuma a fili yake: da iskar gas ake yin yuriya, Najeriya na da ita jibge, har ƙona ta ake yi a banza a yankin Neja Delta. Da gas ta yi tsada a Turai, masana'antun taki na can suka rage aiki, masu saye suka juyo nan.

Sai dai manomin gida bai ga sauƙi ba. Kayan da ake rububinsa da dala a waje ba zai yi arha da naira a kasuwar Dawanau ba.

Darasin da ke cikin wannan ga shugabannin 'yan kasuwar Kano, Kaduna da Maraɗi: riɗi, citta, zoɓorodo da ƙaro duk duniya na nemansu, amma galibi ɗanye ake fitar da su. Ku haɗa jari ku kafa injinan gyara da sarrafawa, ku nemi takardun ingancin da kasuwannin waje ke buƙata tun yanzu.