WA ZAI AUNA MANA FIM?

Jama'a, duk ɗan kasuwa ya san mai hatsi ba ya zama shaidar mudunsa. To, don me a sha'anin fim kaɗai za a bar mai kaya ya auna kayansa, ya kuma ba kansa lambar yabo?

Ku duba tarihi. Tun 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin Hausa ya zama sana'a mai ciyar da jama'a. A 1999 Ibrahim Sheme ya kafa mujallar Fim. A 2001 gwamnatin Kano ta kafa hukumar tace finafinai, amma aikinta ta ce wannan ya fita, wancan kada ya fita, ba ta ce ga wanda ya fi kyau ba. A 2013 aka yi bikin kyaututtukan Kannywood da sunan kamfanin waya na MTN. Ba mu ce kowa ya yi maguɗi ba. Abin da muka ce shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

A Amurka akwai wata dabara. Tun 1935 marubutan jaridun birnin New York masu sharhin fim suka haɗa ƙungiya. Ba su shirya fim, ba su sayar da shi. Kallo suke yi, su rubuta, ƙarshen shekara su jefa ƙuri'a su zaɓi gwani. Shin mu a Sakkwato me ya hana mu? Garin da gidan talabijin nasa ya yi Idon Matambayi, garin da ke da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ai bai rasa masu ido ba.

Ga shawararmu. Malamai da 'yan jarida da masu kallo na Sakkwato da Kabi da Zamfara su kafa ƙungiya. Kada a sa mai fim a cikin alƙalai, kada a karɓi kuɗin ɗan siyasa. A bayyana sunayen alƙalan, su kuma faɗi dalilinsu da Hausa a bainar jama'a. A ba mai labari kyauta, da mai ɗaukar hoto, da mai daidaita sauti, ba mai kyan fuska kaɗai ba. A kuma duba fim ɗin da ya riƙe Sakkwatanci bai ji kunya ba.

Wani zai ce talaka yunwa ta dame shi, ina ruwansa da fim? Haba! Kuɗin tela da mahauci da mai tebur na Ƙofar Atiku ke tafiya wajen sayen data da tura fim a waya, 'ya'yansu kuma ke kwaikwayon abin da suka gani. Wanda ya biya yana da ikon ya san ko tsaba aka auna masa ko ƙaiƙayi.

Yabon kai jahilci. A kawo mudun gaskiya, gwani ya fito, rago ya koma ya gyara. Allah Ya sa masu kunne su ji, amin.