Cinikin biri a sama: Taurarin intanet da masu sayen madabod daga Kano zuwa Maradi

Tun daga ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, masu shagunan intanet da buga takardu, da makarantu, da ƙananan gidajen rediyo a Nijeriya da Nijar suka samu kansu cikin tsaka mai wuya. Dalili kuwa shi ne, Windows 11 da ta gaje ta ba ta amince da tsofaffin kwamfutoci ba. A ƙa'idar kamfanin sai na'urar tana da abin tsaro na TPM 2.0, kuma in ƙwaƙwalwar Intel ce sai ta kasance daga zubi na 8 zuwa sama, ban da wasu 'yan ƙalilan. Wanda ba shi da halin sayen sabuwa ɗungurungum, ɗaya daga cikin dabarun da suka rage masa ita ce ya sake madabod, watau babban allon nan da ake dasa ƙwaƙwalwa da RAM da sauran kayan cikin kwamfuta a kansa.

A da, mai bukata yakan tashi daga Maradi ko Damagaram ya nufi Kano, ya shiga titin Beirut, ko ya aika Computer Village da ke Ikeja a Legas, a haɗa masa kaya a gwada a gabansa. Yanzu kuwa matasa da dama waya suke ɗauka su leƙa AliExpress ko Amazon ko Jumia, su duba allon da ya fi yawan taurari, sannan su tura wa wani ɗan'uwa ko ɗan kasuwa mai zuwa Sin ko Dubai ya taho da shi. Abin tambaya a nan shi ne, shin waɗannan taurari biyar da masu saye ke bayarwa sun isa su zama ma'auni ga kayan da mutum zai zuba jarinsa a kai?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ba kowane tauraro ne na gaskiya ba. A 2021 kamfanin Amazon da kansa ya bayyana cewa ya rufe wa kimanin tambura 600 na Sin ƙofa, tare da asusun 'yan kasuwa kusan 3,000, saboda sayen yabo da suke yi, kuma daga cikinsu akwai masu kayan lantarki. A watan Yulin 2022 ya kai ƙarar masu kula da zauruka sama da 10,000 na Facebook inda ake cinikin yabon ƙarya. Abin ya kai ga hukumar kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa dokar da ta fara aiki a watan Oktoban 2024, wadda ta tanadi tarar da za ta iya haura dala 50,000 a kan kowane laifi, ita ma Ingila ta haramta wannan ɗabi'a daga watan Afrilun 2025. Da matsalar ƙarama ce, da waɗannan ƙasashe ba su ɓata lokacinsu a kanta ba.

To ko da a ce duk masu yabon na gaskiya ne, akwai sauran rina a kaba. Yawanci mai saye yana ba da tauraronsa ne a makon da kaya suka iso, ya haɗa, ya kunna, ya ga ta tashi. Amma ciwon madabod ba a makon farko yake bayyana ba. Waɗanda suka daɗe a sana'ar gyara ba su manta da farkon shekarun 2000 ba, lokacin da kafasito marasa inganci suka riƙa kumbura suna tsiyaya bayan shekara ɗaya ko biyu, suka kashe alluna masu ɗimbin yawa. Haka kuma a watan Afrilun 2023 aka samu rahotannin ƙonewar ƙwaƙwalwar Ryzen 7000X3D a kan alluna masu tsada na manyan kamfanoni, har sai da AMD ya sa aka taƙaita ƙarfin wutar da ke shiga wani sashe nata zuwa bolt 1.3 ta hanyar sabunta BIOS. Wata guda bayan haka, masu bincike na kamfanin Eclypsium suka gano wata kafa a cikin kimanin nau'o'i 270 na allunan Gigabyte wadda ɓarayin intanet za su iya bi. Irin wannan aibi sai mai kayan awo ne ke gano shi, mai saye na yau da kullum ba zai taɓa ganinsa ba balle ya rage tauraro.

A ɗaya ɓangaren kuma, sau da yawa tauraro ɗaya da ake bai wa allo ba laifinsa ba ne. Wani ya sayi allon B450 wanda ya daɗe a shago, ya dasa masa Ryzen 5000 ta 2020 ba tare da an sabunta BIOS ba, na'ura ta ƙi tashi, sai ya rubuta cewa kayan banza ne. Wani ya sayi allon Intel mai ramin LGA1700 bai lura cewa akwai mai karɓar DDR4 akwai mai karɓar DDR5 ba. Wani kuma ya lanƙwasa siraran alluran ramin da hannunsa, ko kuwa haushin jinkirin mai kawo kaya ne ya sauke a kan allon. Duk waɗannan ana tara su ne a raba, a fito da lamba ɗaya, alhali kowa da abin da yake auna.

Babban abin da ya fi shafar yankinmu shi ne, masu ba da taurarin ba a irin yanayinmu suke zaune ba. Wanda ya yaba wa allo a Jamus ko Rasha yana ɗaki mai sanyi ne da wuta tsayayya. A Maradi da Kano da Njamena zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, ga wuta da ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga janareta. Sashen allo da ke daidaita wuta kafin ta isa ƙwaƙwalwa shi ne ya fi jin jiki a irin wannan hali, kuma nan ne masu ƙera kaya masu araha suka fi yin tsimi. Akwai ma alluna masu rahusa da ake haɗawa da sassan da aka ciro daga tsofaffin na'urori, a sayar da su tare da tsohuwar ƙwaƙwalwar Xeon. Suna da taurari rututu domin kuɗinsu kaɗan ne, amma ƙwaƙwalwar ba ta cikin waɗanda Windows 11 ta amince da su, ke nan mai saye ya koma gidan jiya.

Sannan ga batun mayar da kaya. Ba'amurke in allo ya ba shi matsala, sai ya sa a kwali ya mayar, a ba shi kuɗinsa. Jumia ba ta aiki a Nijar ko Chadi, kuma ta rufe harkokinta a Kamaru tun watan Nuwamban 2019. Rufe iyakoki da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya nuna yadda hanya ke iya tsawo dare ɗaya, inda kayan da ke bi ta Kwatano suka koma bi ta Lome da Burkina Faso. Allon da ya bi hannu uku kafin ya iso, wa'adin mayarwarsa kan ƙare tun yana hanya, kuma kuɗin aika shi baya na iya fin kuɗinsa. Ga mai shagon da ke yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa, ko gidan rediyon karkara mai kwamfuta ɗaya tak a ɗakin watsa shirye-shirye, mutuwar allo na nufin tsayawar aiki na makonni.

Wannan ba yana nufin a yi watsi da ra'ayoyin masu saye baki ɗaya ba. Amfaninsu yana cikin karanta abin da aka rubuta, musamman na masu tauraro biyu da uku. In mutane da yawa, a watanni daban-daban, suna kuka da abu guda, misali mutuwar ramin RAM ko na USB, to wannan shaida ce. A kuma duba yawan masu ba da ra'ayin, domin taurari biyar daga mutum huɗu ba su kai huɗu daga mutum ɗari takwas ba. Bayan haka a shiga shafin kamfanin da ya ƙera allon a tabbatar ƙwaƙwalwar da ake da ita tana cikin jerin da yake karɓa, a tuntuɓi mai gyara na kusa wanda ya san irin allunan da ake yawan kawo masa a mace, a kuma ware kuɗin sitabilaiza ko UPS tun kafin a saya.

Ya rage ga hukumomi irin su FCCPC ta Nijeriya, da ma'aikatun kasuwanci na Nijar da Kamaru da Chadi, su fara sa ido kan yabon ƙarya da garantin kayan lantarki da ke tsallaka iyaka. Su kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwar kwamfuta a Kano da Maradi suna da damar da kantunan intanet ba su da ita, watau su gwada kaya a gaban mai saye, su ba shi rasit da wa'adin garanti a rubuce. In suka riƙe wannan amana, mai saye zai ci gaba da zuwa wurinsu, domin Hausawa sun ce gani ya kori ji.